Me Ya Haɗa Furotin ɗin Ƙashi da Tsirowar Hanyoyin Jini?

Samari biyu na iya faɗuwa a babur ɗaya kan hanyar Katsina zuwa Daura, kowannensu ya karye a ƙwauri. Bayan wata huɗu ɗaya ya ajiye sanda ya koma kasuwa, ɗayan kuwa shekara ta zagayo yana nan yana ɗingishi, hoton asibiti na nuna bakin ƙashin biyu sun ƙi haɗuwa. A gida wasu za su ɗora abin kan hannun mai ɗori, wasu kan likita, tsofaffi kuma su ce, "Ai jininsa ne." Maganar tsofaffin ta fi kusa da abin da masana suka gano, ko da yake ba ta fuskar da suke nufi ba.

Batun ya ƙara rikicewa yanzu da tallace-tallace suka cika Facebook da WhatsApp, ana sayar da gari da ƙwayoyi da sunan "furotin ɗin ƙashi" mai haɗa karaya cikin sauri. A gefe guda kuma mai bibiyar labaran kimiyya zai ci karo da rahoton da ke cewa irin waɗannan sinadaran ne ke taimaka wa cutar daji ta janyo jini ta girma. Duka maganganun biyu suna da tushe, kuma duka an yanke musu rabin bayani.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Furotin a bakin mutane shi ne abincin gina jiki, wato nama da wake da ƙwai da nono. A wurin masana kalmar ta fi haka faɗi. Jiki na ƙera dubban nau'o'in furotin da kansa. Wasu kayan gini ne, kamar kolajin, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin da ke cikin ƙashi, shi ne kuma zaren da sinadarin kalsiyam ke daskarewa a kansa. Wasu kuwa 'yan aike ne: ƙwayar halitta ta saki ɗan kaɗan, ya je ya maƙale a jikin wata ƙwayar, ya isar mata da umarni, ko ta rabu biyu, ko ta matsa gaba, ko ta tsaya cik. Waɗannan 'yan aiken ne maganarmu take kansu.

Tsirowar sababbin hanyoyin jini kuma na nufin ƙaramar jijiyar jini ta fitar da reshe daga jikinta, reshen ya miƙe zuwa inda ake buƙata, ya huje ya zama bututu, jini ya fara bi. A jikin baligi mai lafiya wannan ba ya yawan faruwa, sai an ji rauni, ko a mahaifar mace, ko kuma cuta ta tayar da shi. Dalilin da ya sa jiki ba ya iya yi sai da shi mai sauƙi ne: iskar oksijin ba ta ratsa tsoka fiye da kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita daga jijiyar da ta kawo ta. Duk ƙwayar halittar da ta yi nisa fiye da haka, yunwa da rashin iska za su kashe ta.

Ƙashin da muke gani a bakin mahauta ya sa muna ɗaukarsa kamar busasshen itace. A jikin mai rai jiƙe yake da jini, tun daga ɓargo har ɓawonsa, kuma kullum ana rushe wani sashe ana sake gina shi. Ana ƙiyasta cewa baligi na sabunta kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasusuwansa kowace shekara.

Daga zomayen Urist zuwa yau

A 1965 wani likitan ƙashi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a Amurka, Marshall Urist, ya wallafa sakamakon wani gwaji. Ya jiƙa gutsuren ƙashi a cikin asid har ma'adinansa suka narke, ya dasa abin da ya rage a cikin tsokar zomaye, inda babu ƙashi ko kaɗan. Bayan makonni sabon ƙashi ya fito a wurin. Ke nan akwai wani abu a ɓoye cikin ƙashi da ke iya umartar ƙwayoyin halitta su zama magina ƙashi. A 1971 aka raɗa masa sunan da ake taƙaitawa da BMP, ma'anarsa furotin mai siffanta ƙashi. Sai a 1988 John Wozney da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera shi, aka kuma fahimci cewa dangi ne guda, wajen nau'i ashirin, kowanne da lambarsa.

A can wani ɓangaren, masu binciken cutar daji na bin tasu hanyar. Judah Folkman ya kawo hujja a 1971 cewa ƙari ba zai wuce ɗan mitsitsi ba sai ya janyo wa kansa hanyoyin jini. A 1989 Napoleone Ferrara ya tace furotin ɗin da ke kan gaba wajen wannan kira, wanda ake ce wa VEGF. Shekaru da dama masu ƙashi na nasu, masu jijiya na nasu. Abin da ya haɗa su shi ne gwajin da aka wallafa a 1999, inda aka toshe aikin VEGF a jikin ƙananan ɓeraye. Hanyoyin jini suka kasa shiga guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa, guringuntsin ya taru ya ƙi zama ƙashi, girman ƙashin ya tsaya. Da aka janye maganin, jijiyoyi suka shiga, girma ya ci gaba.

Abin da ke faruwa a cikin karaya

Wanda ya taɓa gini a sabuwar unguwa a bayan gari ya san cewa ko an tara birkiloli goma, in babu hanyar da tifa za ta bi ta sauke yashi, da mai ruwa zai turo kura, aikin zai tsaya a harsashi. Haka abin yake a bakin karaya, sai dai a nan maginan ne da kansu ke aika a zo a share hanyar.

Idan ƙashi ya karye, jijiyoyin da ke cikinsa da kewayensa sun tsinke. Jini ya taru ya daskare a wurin. Wannan gudan jinin ba datti ba ne, cike yake da 'yan aike, shi ne ma shimfiɗar farko ta gyara. Da yake hanyar jini ta yanke, iska ta yi ƙaranci, sai wani furotin mai suna HIF, wanda a kullum jiki ke rushe shi da zarar an ƙera shi, ya samu damar taruwa. Taruwarsa ce ke kunna ƙera VEGF. Gano wannan ma'aunin iska na cikin ƙwayar halitta shi ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

A lokaci guda BMP-2 da 'yan uwansa irin su BMP-4 da BMP-7 na fitowa daga karyayyen ƙashin da kuma siririyar fatar da ke lulluɓe shi. Aikinsu na farko shi ne mai da ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zaɓi sana'a ba su zama masu yin guringuntsi da ƙashi. Aikinsu na biyu, wanda aka daɗe ba a lura da shi ba, shi ne sa waɗannan sababbin maginan su riƙa fitar da VEGF. Jijiyoyin da suka amsa kira kuma ba hannu rabbana suke zuwa ba. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangonsu su ma suna fitar da BMP-2, su ƙara zuga maginan, kuma tare da su ne wasu ƙwayoyin da za su zama magina ke shigowa wurin. Kowane ɓangare na kiran ɗayan.

Cikin makonni biyu zuwa uku guringuntsi mai taushi ya dunƙule bakin karayar. Shi ne kullutun da mai ɗori ke shafawa ya ce wa majinyaci, "Alhaji, ya fara kamawa." Guringuntsi ba shi da jijiya, kuma ba zai ɗauki nauyin mutum ba. Sai ƙwayoyinsa sun kumbura sun saki VEGF, jijiyoyi sun kutsa, masu rusau, wato ƙwayoyin da ke rushe tsohon gini, sun cinye shi, sannan a zuba ƙashi na gaske a gurbinsa. Idan jijiyoyin ba su iso ba, ko kuma motsi ya yi yawa yana tsinka su tun suna jarirai, wurin zai tsaya a tauri-tauri kamar jijiyar nama. Wannan shi ne karayar da ta ƙi ɗoruwa. Ana yawan ƙiyasta cewa tsakanin 5 zuwa 10 cikin kowace karaya 100 na yin jinkiri ko ƙin haɗuwa, kuma wuraren da suka fi yin haka su ne masu ƙarancin jini tun asali: ƙasan ƙwauri kusa da idon sawu, wuyan ƙashin cinya, da wani ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannu.

A 2014 ƙungiyar Ralf Adams a Cibiyar Max Planck da ke Munsta a Jamus ta nuna cewa ba duka jijiyoyin cikin ƙashi ne iri ɗaya ba. Akwai wani nau'i da suka kira H, wanda ke kusa da wurin girma, maginan ƙashi na kewaye da shi. A jikin ɓeraye wannan nau'in na raguwa sosai da tsufa. A shekarar kuma aka gano cewa ƙananan ƙwayoyin rusau, tun kafin su balaga, suna sakin wani ɗan aike mai suna PDGF-BB da ke kiran irin waɗannan jijiyoyi, a 2018 kuma aka ƙara da SLIT3 daga bakin magina. Wannan na iya zama wani ɓangare na dalilin da ya sa karayar yaro ke warkewa cikin makonni, ta dattijo ta ɗauki watanni.

Dangi ɗaya, saƙo biyu

Sunan BMP kansa na yaudara. An ba shi sunan ne don a ƙashi aka fara ganinsa, amma wasu 'yan dangin ba su da wata alaƙa ta musamman da ƙashi. Hanta ce ke ƙera BMP-9, zuciya kuma BMP-10, su biyun suna yawo cikin jini. A 2007 masu bincike a Faransa suka nuna cewa su ne ke maƙalewa a wata mashiga mai suna ALK1 da ke bangon jijiyoyi. Saƙonsu galibi kishiyar na BMP-2 ne: a daina tsiro, a zauna lafiya, a ƙarfafa bango.

Ana ganin muhimmancin wannan birkin a jikin waɗanda suka gaji lahani a mashigar ko a mataimakiyarta. Jijiyoyinsu na tsirowa a harɗe, bangonsu ba ƙwari, su riƙa haɓo akai-akai tun suna yara, wani lokaci jini ya ɓalle a hanji ko huhu. Cutar na samun kusan mutum ɗaya cikin 5,000. Haka nan a shekarar 2000 aka gano cewa lahani a wata mashigar, BMPR2, shi ne babban sanadin nau'in hawan jinin huhu da ake gada. Maganin sotatercept da Amurka ta amince da shi a 2024 an gina shi ne kan daidaita wannan tsarin.

Ta fuskar cutar daji, akwai wasu furotin na cikin ƙashi, irin su ostiyofontin, da ƙari ke ƙerawa ko ya yi amfani da su wajen janyo jijiyoyi. Ƙashi na cikin wuraren da dajin mama da na furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, suka fi yaɗuwa zuwa gare su, kuma tarin 'yan aiken da ke ajiye cikinsa na cikin abin da ya mai da shi ƙasa mai taki ga ƙarin. Daga nan rahotannin da ke tsoratar da mutane suka samo asali. Amma ƙarin ne ke sace saƙon da jiki ya tanada don gyara. Karaya ko warkewarta ba su ne ke jawo daji ba.

Inda likitoci suka sha bamban

Da aka iya ƙera BMP-2 a masana'anta, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2002 don haɗa ƙashin baya, sannan a 2004 don karayar ƙwauri mai buɗaɗɗen rauni. Ana jiƙa shi a soson kolajin a ajiye a wurin yayin tiyata. Masu goyon bayansa na cewa yana hutar da majinyaci daga yanko ƙashi a ƙugunsa don dasawa, aikin da ke barin ciwo na daban, kuma yana ba da mafita inda ƙashin dasawa bai isa ba.

Masu suka na da tasu hujjar. Adadin da ake zubawa ya ninka abin da jiki ke amfani da shi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake samun kumburi, da ƙashi ya tsiro inda ba a so. A 2008 hukumar ta yi gargaɗi kan kumburin da ke toshe numfashi idan an yi amfani da shi a ƙashin wuya. A 2011 wata mujallar likitocin ƙashin baya ta zargi rahotannin farko da rage yawan illolin. Nazari biyu masu zaman kansu da Jami'ar Yel ta shirya, aka wallafa a 2013, sun nuna cewa a haɗa ƙashin baya fa'idarsa ba ta wuce ta dasa ƙashin mutum da kansa da wani abin a zo a gani ba. Likitoci da yawa yanzu suna ajiye shi don lokuta na musamman, ga kuma tsada.

Ɓangaren toshewa ma bai zo da sauƙi ba. Maganin bevacizumab, mai toshe VEGF, ya samu amincewa a 2004 don dajin hanji, amma yana jinkirta warkewar rauni, har an ƙayyade a bar tazarar kwana 28 tsakaninsa da tiyata. Wani maganin da aka ƙera don kama BMP-9 da BMP-10 da nufin yunwatar da dajin ƙoda ya gaza a gwajinsa a 2017. Gwaje-gwajen dabbobi sun nuna cewa haɗa BMP da VEGF ya fi kowanne shi kaɗai, amma sai an daidaita gwargwado, domin VEGF in ya yi yawa sakamakon lalacewa yake. A kan wannan gwargwadon, da lokacin da ya dace a saki kowanne, muhawarar take har yau.

Abin lura shi ne dabarun da suka fi karɓuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa buƙatar furotin na kwalba. Dabarar Gavriil Ilizarov na Tarayyar Sobiyet ita ce a yanke ƙashi a riƙa jansa milimita ɗaya kullum, jijiyoyi da sabon ƙashi na cike gurbin. Ta Alain Masquelet na Faransa kuwa ita ce a toshe giɓin da simintin tiyata na wajen mako shida zuwa takwas, jiki ya lulluɓe shi da wata fata mai yawan jijiyoyi wadda ke fitar da VEGF da BMP-2 da kanta, sannan a cire simintin a zuba ƙashin dasawa a cikin jakar.

Abin da ya shafi mai karaya a Katsina da Daura

Na farko shi ne batun abin sha. Duk furotin ɗin da ya bi ta baki, ciki zai farfasa shi zuwa ƙananan tubala kafin ya shiga jini, ko daga gwangwanin kanti ya fito, ko daga farfesun ƙafar saniya. Saƙon da ke cikinsa ya goge ke nan. Mai karaya na buƙatar abinci mai gina jiki, kuma wake da ƙwai da nono da kifi za su biya wannan buƙata a kan kuɗin da bai kai na garin da ake tallatawa ba. Babu ƙwayar haɗiya da ke kai BMP bakin karaya.

Na biyu, abubuwan da ke kashe ƙananan jijiyoyi. Sigari na matse su, hayaƙinta na rage iskar da jini ke ɗauka, kuma nazarce-nazarce sun nuna mai shanta na da kusan ninki biyu na haɗarin karaya ta ƙi haɗuwa. Ciwon suga da ba a kula da shi ba na raunana tsirowar jijiyoyi. Magungunan sitiroyid irin su deksametason, waɗanda wasu ke saye a kemis don neman ƙiba, na rage ƙera VEGF da ƙarfin magina ƙashi, kuma doguwar mu'amala da su na iya kashe kan ƙashin cinya.

Mutuwar kan ƙashin cinya ba baƙuwa ba ce ga iyalan masu sikila, a Najeriya, ƙasar da ake ƙiyasta haihuwar jarirai wajen 150,000 da cutar kowace shekara. Lanƙwasassun ƙwayoyin jini na toshe 'yan jijiyoyin da ke ciyar da wurin, waɗanda dama ba su da yawa. Ƙashin ya mutu, jiki ya fara aika jijiyoyi su gyara, amma masu rusau kan riga magina, sai kan ƙashin ya rufta ƙarƙashin nauyin jiki. Shi ya sa ciwon kwatangwalo ko matsematsi da ya daɗe a jikin mai sikila ke buƙatar hoto da wuri. Kafin ruftawa akwai aikin huda ƙashin don rage matsi da buɗe wa jijiyoyi hanya. Bayan ruftawa maganar ta koma ta sauya gaɓa, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Sai batun ɗori, wanda nan ne mutane suka fi rabuwa. Masu zuwa wurin mai ɗori na duba kusanci da sauƙin kuɗi da amanar da aka gada kaka da kakanni, kuma gaskiya ne karaya mai sauƙi, wadda bakinta bai goce ba, takan haɗu in an hana ta motsi, domin aikin 'yan aiken nan ba ya tambayar wanda ya ɗaure. Likitoci kuma na nuni da abubuwa biyu da ke yi wa jijiyoyi illa kai tsaye. Ɗaya shi ne yawan murzawa da kwance ɗauri ana sake ja, wanda ke tsinka sababbin rassan da suka fara tsirowa. Ɗayan, mafi haɗari, shi ne ɗaure karare tamau a kan gaɓar da ke kan kumbura, har jini ya kasa wucewa. Simintin asibiti ma in ya matse haka zai yi.

Tsoka ba ta jure yankewar jini fiye da wajen awa shida kafin ta fara mutuwa. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan ɗauri, musamman in an miƙe yatsu, da yatsun da suka yi sanyi, suka mutu, ko suka sauya launi, da ƙuraje masu ruwa a gefen ɗaurin, alamu ne na a sassauta nan take a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta wuyan cinya a jikin dattijo, da wadda ta wuce wata shida ba alamar haɗuwa, su ma na likitan ƙashi ne, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Janar Amadi Rimi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.